Windows Server ko Linux: wanne ya kamata a ɗora wa sabar ofis?

A yawancin ƙananan ofisoshinmu, sabar ta farko, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutocin ofis hidima, ba sabar gaske ba ce. Kwamfutar akanta ce ko ta sakatare, aka buɗe wata jaka a cikinta kowa yana zuba fayil. Hakan yana tafiya har ranar da ma'aikata suka ƙaru, domin Windows 10 da Windows 11 ba sa barin na'urori fiye da 20 su shiga jakar da aka raba a lokaci guda, kuma duk ranar da mai kwamfutar ya kashe ta ya tafi masallaci, aikin kowa ya tsaya. Daga nan ne ake sayo Dell PowerEdge ko HP ProLiant, galibi tokumbo, a ajiye a ƙuryar ofis, sai kuma gardama ta tashi kan babbar manhajar da za a ɗora mata.

Ra'ayina tun farko shi ne: idan aikin sabar ajiye fayil ne, ko rumbun bayanai, ko manhajar da ake shiga ta burauza, a sa Linux. Windows Server kuwa a saye shi saboda abu biyu, ko dai ofis yana buƙatar Active Directory da gaske, wato tsarin Microsoft na sarrafa asusun ma'aikata da kwamfutocinsu daga wuri ɗaya, ko kuma akwai wata manhajar aiki da ba ta san kowa ba sai Windows. Amma wannan hukunci yana da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne suka fi muhimmanci.

Ƙarko: me ke kayar da sabar?

Maganar da ake yi a da cewa Windows yakan sandare haka kawai ta tsufa. Windows Server 2019 ko 2022 da aka ɗora kan lafiyayyen inji, da direbobin da suka dace, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan injin, zai yi watanni yana aiki ba tare da ya faɗi da kansa ba, kamar yadda nau'o'in Linux irin su Debian ko Ubuntu za su yi. Bambancin yana fitowa ne a wajen sabuntawa.

Microsoft yana sakin facin tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma kusan kullum facin yana neman a kashe sabar a sake kunna ta. Sau goma sha biyu ke nan a shekara, ban da na gaggawa. Kowace kunnawa ƙofa ce da matsala kan iya shigowa, musamman a tsohon inji da ke ɗaukar mintuna yana duba RAM da faifansa kafin ya tashi. Facin kansa ma yakan zo da ciwo. A Janairun 2022 wata sabuntawa ta sa sabobin da ke riƙe da Active Directory suka dinga kashe kansu suna kunnawa ba ƙaƙƙautawa, sai da kamfanin ya fitar da gyaran gaggawa. A Maris ɗin 2024 kuma wata ta sa sashen tantance masu shiga ya dinga cinye RAM har sabar ta durƙushe. A babban kamfani akan gwada faci a kan wani inji kafin a sake shi. Ofishin da sabarsa ɗaya ce tak ba shi da wannan gatan. Gaskiya ne Windows Server 2025 ya zo da hanyar liƙa faci ba tare da kashewa ba, wadda ke mayar da kunnawar dole zuwa kamar sau huɗu a shekara, sai dai sai an haɗa sabar da Azure Arc, wato ana buƙatar intanet mai ɗorewa da asusu a wajen Microsoft.

A Linux, yawancin sabuntawa sukan shafi wani sashe ne kaɗai. An gyara Samba, manhajar da ke raba fayil a Linux, sai a sake tayar da Samba cikin daƙiƙa biyu, sauran injin bai ma sani ba. Kashe sabar gaba ɗaya sai in an taɓa kanal, wato zuciyar manhajar, ko wasu ginshiƙai kaɗan, kuma kai ne za ka zaɓi daren da za ka yi. Wannan riba ce ta gaske. Amma ita ce kuma ke ruɗar mutane. Za ka ji ma'aikacin kwamfuta yana alfaharin cewa sabarsa ta yi shekara biyu ba a kashe ta ba, alhali ma'anar hakan ita ce tana tafiya da kanal mai ramukan da duniya ta riga ta sani. Linux ma ya sha nasa rabon na ramukan tsaro: Heartbleed da Shellshock a 2014, Dirty COW a 2016, sannan ƙofar ɓoye da aka dasa a manhajar xz, wadda Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya bankaɗo a Maris ɗin 2024 kafin ta kai ga fitattun nau'o'in da ake amfani da su a sabobi.

Akwai kuma hanyoyin faɗuwa da suka keɓanta da Linux waɗanda sabon shiga ba ya tsammani. Idan RAM ya ƙare, kanal yakan zaɓi wani shiri ya kashe shi don ya ceci injin, kuma sau da yawa wanda ya fi cin RAM ɗin shi ne rumbun bayananka. Idan kuma bayanan da manhajoji ke rubutawa game da aikinsu suka cika faifai, abubuwa sukan fara lalacewa ba tare da wani saƙo ya faɗo a allo ba, domin babu allon da kowa ke kallo.

Wasu za su kawo abin da ya faru ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows suka sandare a faɗin duniya, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Adalci shi ne a ce laifin na sabuntawar kamfanin tsaro na CrowdStrike ne. Darasin da ya shafe mu shi ne duk manhajar da ka bai wa izinin shiga zuciyar sabar, riga-kafin ƙwayar cuta ce ko direban wata na'ura, tana iya kayar da ita. Sabobin Windows sun fi tara irin waɗannan baƙin.

Ɗaukewar wuta

A nan ne kwatancen da ake rubutawa a Turai da Amurka ba ya amfanar mu sosai, domin su wuta ba ta cikin lissafinsu. A Kano ko Katsina ko Damagaram, abin da ya fi kashe sabar shi ne yankewar wuta ana tsakar rubutu a faifai, da daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar wutar gari da tashin janareta, da batirin UPS da ya mutu tun bara ba wanda ya duba, sai zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu da ke toshe fankoki.

Tsare-tsaren jera fayil a faifai, wato NTFS na Windows, da ext4 da XFS na Linux, duk suna ajiye ɗan littafin abin da suke shirin rubutawa, don haka bayan yankewar wuta sukan farfaɗo ba tare da tsarin faifan ya wargaje ba. Sai dai abin da littafin yake karewa shi ne tsarin faifan, ba lallai abin da ke cikin fayil ɗin da ake rubutawa a lokacin ba. Shi ya sa sabar kan tashi lafiya amma fayil ɗin lissafin kuɗi ya ƙi buɗewa. Inda Linux ya yi fice shi ne wani tsarin faifan da ake kira ZFS. Ba ya rubutu a kan tsohon bayani, sabon wuri yake nema, sai ya kammala sannan ya juya alama zuwa gare shi, kuma kowane guntun bayani yana da lambar tantancewa, ta yadda in faifai ɗaya ya fara ruɓewa a ɓoye zai gane ya gyara daga ɗan'uwansa. Kuɗin wannan kariya shi ne RAM mai yalwa, kuma yana son ya ga faifan kai tsaye, ba ta bayan katin RAID ba, wato katin da ke haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya. Windows yana da ReFS tun 2012 mai kama da wannan tunani, amma a ƙananan ofisoshi ba kasafai ake ganin wanda ya iya saita shi ba.

Mafi munin lokacin da wuta za ta ɗauke wa Windows shi ne yana tsakar shigar da sabuntawa, yana gargaɗin kada a kashe shi. Yakan iya komawa baya da kansa, yakan kuma maƙale. Linux ma in aka yanke shi ana tsakar ɗora fakiti yakan bar aiki rabi, sai dai galibi umarni ɗaya ko biyu ke ƙarasa shi. Ga mai tokumbo kuma: a duba batirin katin RAID. Idan ya mutu, ko dai katin ya daina riƙe rubutu a ma'ajiyarsa sabar ta koma tafiyar hawainiya, ko kuma wani ya tilasta masa ya ci gaba da riƙewa, wuta ta ɗauke, bayanan su tafi. Wannan bai san Windows ba, bai san Linux ba.

Duka biyun suna iya sauraron UPS ta wayar USB su kashe kansu cikin tsari in batir ya yi ƙasa. A Linux akwai NUT da apcupsd, a Windows akwai manhajar da mai UPS ɗin ke bayarwa, irin PowerChute na APC. Ofishin da bai haɗa wannan wayar ba, gardamar wace manhaja ta fi ƙarko ba ta kama shi ba tukuna.

Sauri

Debian ko Ubuntu Server da ba a sa masa allon hotuna ba yakan tashi da ƙasa da rabin gigabayit na RAM. Windows Server mai cikakken allo yakan riƙe gigabayit ɗaya da rabi zuwa biyu ko fiye tun bai fara aikin kowa ba, ga Defender, riga-kafin ƙwayar cuta na Windows, yana leƙa kowane fayil da aka taɓa. A injin da ke da gigabayit 64 wannan ba komai ba ne. A tsohon inji mai gigabayit 8 kuwa, ko inda kake son raba inji ɗaya zuwa sabobi huɗu, bambancin yana bayyana. Akwai Server Core, wato Windows marar allon hotuna, tun 2008, ya fi sauƙi kuma facinsa ya fi kaɗan, amma wanda ya zaɓi Windows don ya dinga latsa linzami ba zai so shi ba, kuma wasu manhajojin lissafi ba sa hawa kansa.

Wajen raba fayil kada kowa ya ruɗe ka da alƙaluma. Layin gigabit ba ya wuce kimanin megabayit 110 zuwa 118 a daƙiƙa, kuma Samba da Windows duk suna cika shi. In akwai tsohon suwic mai megabit 100 a tsakani, megabayit 11 ko 12 za ka samu ko da wace manhaja ce. Sauya faifai mai juyawa da SSD zai ƙara wa ofis sauri fiye da duk wani sauyin babbar manhaja. Wajen rumbun bayanai da shafukan yanar gizo kuwa, PostgreSQL da MariaDB da Nginx a gidansu suke a Linux, a can aka fi gwada su kuma a can ake samun amsa in an maƙale. SQL Server, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, ya fara hawa Linux tun 2017, amma masu sayar da manhajojin da suka dogara da shi da yawa har yanzu Windows kaɗai suke yarda su tallafa wa. Kuma in manhajar ofis tana jan ƙafa a kan SQL Server Express na 2022 ko wanda ya gabace shi, kada a zargi Windows: nau'in kyauta ne da aka ƙayyade masa rumbu gigabayit 10, ƙwayoyin sarrafawa (wato core) huɗu da RAM kaɗan, ko da injin yana da ninkin hakan sau goma.

Inda Windows ba shi da abokin karawa

Idan ofis yana da kwamfutoci hamsin masu Windows, kana son kowa ya shiga da sunansa a kowace kujera, a hana sa filasha a sashen kuɗi, a tura firinta ga kowa a lokaci guda, a rufe asusun wanda ya bar aiki da latsawa ɗaya, to Active Directory da Group Policy aka yi domin wannan, kuma sun yi shekara fiye da ashirin suna yi. Samba, tun fitowar na 4.0 a Disambar 2012, yana iya zama a wannan kujera, kuma ga ofis mai reshe ɗaya yana aiki da kyau, har ana iya sarrafa shi daga kwamfutar Windows da kayan aikin Microsoft ɗin. Amma kwafe dokokin Group Policy tsakanin sabar biyu sai ka haɗa da hannunka, kuma duk lokacin da Microsoft ya tsaurara tsaron shiga, sai ka tabbatar Samba ɗinka ya biyo baya. Abin lura ga duka biyun: nau'in Home na Windows, wanda ke zuwa a yawancin laftof ɗin kasuwa, ba ya shiga domen, wato rukunin kwamfutocin da Active Directory ke sarrafawa, kwata-kwata.

Na biyu shi ne manhajar aiki. Sage 50, wanda tsofaffin akantocinmu ke kira Peachtree har yau, da QuickBooks na tebur da Tally, 'ya'yan Windows ne. Haka yawancin manhajojin na'urar ɗaukar yatsan ma'aikata da na kantin magani da 'yan gida suka rubuta. Kada a yi musu dabara. Akasin haka, Moodle na makaranta, Koha na laburare, OpenMRS da DHIS2 na harkar lafiya, Odoo da ERPNext da Nextcloud, duk sun fi natsuwa a Linux.

Kuɗi, da maganar da ba a son faɗa

Lasisin Windows Server ana lissafa shi ne da ƙwayoyin sarrafawa, mafi ƙaranci 16 ga kowace sabar. Na Standard ya haura dala 1,000 a farashin kamfani kuma sabar Windows biyu kawai ya yarda ka tayar a cikin injin, na Datacenter ya haura dala 6,000. Bayan haka kowane ma'aikaci ko kowace na'ura sai an saya mata lasisin shiga, in kuma za a yi aiki daga nesa a kan allon sabar akwai wani lasisin daban. Akwai Essentials ga ofishin da bai wuce mutum 25 da na'ura 50 ba, wanda ba ya buƙatar lasisin shiga, sai dai tare da sabon inji ake sayar da shi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, wannan lissafi ya fi ƙarfin ofisoshi da yawa.

Abin da ke biyo baya kowa ya sani: a ɗora na sata, a kashe sabuntawa don kada a gane. Wannan ita ce mafi raunin sabar da za a iya mallaka, kuma ina ganin duk ma'aikacin da ya yi wa ofis haka ya cuce shi. WannaCry, harin kulle bayanai don neman fansa da ya durƙusar da asibitocin Ingila a Mayun 2017 ya bi ta ramin da Microsoft ya riga ya toshe tun Maris, waɗanda ba su yi faci ba ne suka sha. Wasu kuma nau'in gwaji na kwana 180 ake sa musu, in wa'adin ya cika sabar ta dinga kashe kanta duk bayan awa guda, a yi ta zargin wuta. Ga asibiti ko makaranta ko ƙaramin bankin da ke riƙe bayanan mutane, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora musu alhakin tsare su. In babu kuɗin lasisi, Linux na halal ya fi Windows na sata ta kowace fuska.

Amma Linux ma ba kyauta ba ne, kuɗinsa a hannun ma'aikaci yake. Kamar mota ce mai ƙarfi da makanikinta ɗaya ne a gari: ranar da ya koma Abuja ko ya samu aikin waje, an shiga uku. Masu iya lallaɓa Windows sun fi yawa a garuruwanmu nesa ba kusa ba. Kafin shugaban ofis ya amince da Linux, ya tabbatar akwai mutum na biyu da ya san kalmar sirrin, kuma an rubuta yadda aka saita komai a takarda an sa a durowa mai makulli.

In Linux ne, wanne?

Ubuntu LTS, wato nau'insa mai dogon tallafi, yana fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu, da tallafin shekara 5, ko 10 ga mai rajistar Ubuntu Pro, kuma shi ya fi yawan bayanai a intanet in an maƙale. Shi zan ba sabon shiga. Debian ya fi shi kame kai, ba ya sauya abu sai da dalili, ba kamfani ne ke juya shi ba, kuma tallafinsa yakan kai kimanin shekara 5. Shi na fi so ga sabar fayil da za a kafa a bar ta tana aiki. Dangin Red Hat suna ba da shekara 10, amma a tuna abin da ya samu masu CentOS, wani nau'in kyauta na wannan dangi: a Disambar 2020 aka sanar cewa CentOS 8, wanda aka yi wa alkawarin rayuwa har 2029, zai ƙare a ƙarshen 2021. Rocky Linux da AlmaLinux ne suka maye gurbinsa, kuma su ne zaɓi in mai manhajarka ya ce sai dangin Red Hat. Wanda har yanzu yake kan CentOS 7, tallafinsa ya ƙare tun 30 ga Yunin 2024. A ɓangaren Windows ma, 2012 R2 ya daina samun faci a Oktoban 2023, na 2016 zai bi shi a Janairun 2027, na 2019 a Janairun 2029, na 2022 a Oktoban 2031. Wanda zai kafa sabuwa yau bai kamata ya sauka ƙasa da 2022 ba.

Ofisoshi da yawa ma ba sai sun zaɓi ɗaya sun bar ɗaya ba. Kamfanin gine-gine mai ma'aikata talatin da ke amfani da Sage, misali, zai iya ɗora wa injin Proxmox VE, tsarin da ke raba inji ɗaya zuwa sabobi da yawa, wanda shi kansa a kan Debian aka gina shi kuma yana zuwa da ZFS, sannan a cikinsa a tayar da Windows Server mai lasisi don Sage da Active Directory, a gefe kuma Debian don fayiloli. Kafin facin Talata a ɗauki hoton sabar Windows ɗin, wato a adana kwafin yadda take a lokacin, in facin ya zo da ciwo a mayar da ita yadda take cikin mintuna. Ga wanda ya fi sabawa da Microsoft, Hyper-V yana yin irin wannan aiki. Irin wannan tsari yana son RAM aƙalla gigabayit 32 da SSD biyu masu kwafin juna. Ƙungiyar agaji kuwa da ma'aikatanta ke yawo da laftof, komai nasu yana Microsoft 365, wataƙila ba ta buƙatar Active Directory na cikin gida sam, ƙaramar sabar Linux mai ajiye kwafi ta ishe ta.

Hoton da aka ɗauka a cikin injin ba ya maye gurbin kwafin da ke waje. Masu kulle bayanai don neman fansa sukan fara da goge tsofaffin kwafin da Windows ke ajiyewa, kuma suna kulle duk jakar Samba da kwamfutar da ta kamu ke iya rubutu a ciki. Sai a samu faifan waje guda biyu ana musanya su duk mako, ɗaya yana kwana a wani gini. Kafin a miƙa sabar ga ma'aikata kuma a yi gwaji biyu: a zare wutar bango a ga ko UPS zai sa ta kashe kanta cikin tsari kuma ta tashi da kanta in wuta ta dawo, sannan a goge wani fayil da gangan a dawo da shi daga faifan wajen, shugaban ofis yana tsaye yana kallo.